Sojan da aikinsa ya raba shi da jiha, a wace jami'a zai zama ɗan gida?

Kwanakin baya muna hira da wani ɗan uwa da ya daɗe a Amurka, 'ya'yansa sun kusa shiga jami'a, sai maganar tsadar karatu ta kawo mu kan wani abu da ya ce yana ci masa tuwo a ƙwarya. Wai shi shekara da shekaru jiharsa tana yankar haraji a albashinsa, amma tsohon soja zai sauka jiya da jakarsa daga wata jiha, gobe jami'ar jihar ta yanka masa kuɗin makaranta daidai da na ɗan gida. Har matarsa da 'ya'yansa. A ganinsa alfarma ce ake yi da gumin wasu.

Ban yarda da shi ba. Mutumin da gwamnatin tarayya ta yi ta jefawa daga wannan bariki zuwa wancan har ya rasa inda zai kira gida, bai kamata ranar da ya tuɓe kaki a ce masa baƙo ne, ya biya ninki biyu ko uku ba. Rangwamen ɗan jiha a wurinsa cire masa tarar da bai ci ba ne. Kuma ni abin da ke damuna da dokar tarayya da ke ba su wannan rangwame yanzu shi ne ta bar mutane da yawa a waje, waɗanda suka fi kowa buƙatarta.

Farashi biyu a aji ɗaya

Jami'o'in gwamnati a Amurka kusan duk na jihohi ne, kuma kowace tana da farashi biyu. Ƙididdigar College Board, ƙungiyar da ke tattara alƙaluman kuɗin karatu a Amurka, ta zangon 2024 zuwa 2025 ta nuna matsakaicin kuɗin makaranta a jami'ar jiha dala 11,610 ne a shekara ga ɗan jiha, dala 30,780 ga wanda ya zo daga waje. Tazarar ta haura dala 19,000 a shekara guda. A lissafa ta sau huɗu kafin a karɓi digiri. A Jami'ar Kalifoniya, ƙarin da ake ɗora wa baƙo kaɗai ya wuce dala 30,000 a shekara.

Mai karatu daga Najeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba, don jami'o'in jihohinmu da yawa suna bambanta kuɗin ɗan asalin jiha da na wanda ba ɗan jiha ba, kuma yaran da suka tashi a bariki sun san wahalar neman takardar shaidar ƙaramar hukumar da ba su taɓa kwana a cikinta ba. Bambancin shi ne a Amurka ba a tambayar garin kakanka. Zama ake dubawa. Yawancin jihohi suna so ka yi wata goma sha biyu a cikinsu kafin a fara karatu, ka nuna niyyar zama ta hanyar lasisin tuƙi, rajistar zaɓe da takardun haraji. Zaman da ka yi don karatun kawai ba ya shiga lissafi.

Ga farar hula wannan ƙa'ida ce mai sauƙi. Ga soja kuwa, a nan take matsalar. Ana yi masa canjin wurin aiki kusan duk bayan shekara biyu ko uku, kuma ba a neman shawararsa. A ɗauki yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 daga Michigan: horo a Georgia, aiki a Teksas, daga nan Jamus, sai Koriya ta Kudu, a ƙarshe a sallame shi a North Carolina yana ɗan shekara 30, da mata da 'ya'ya biyu. A takarda yana iya zama har yanzu ɗan Michigan ne. A zahiri rabonsa da can shekara goma sha biyu.

Yadda aka zo nan

A 2008 majalisar dokokin Amurka ta amince da sabon tsarin tallafin karatu na GI Bill ga waɗanda suka yi aikin soja bayan harin 11 ga Satumba, wanda Sanata Jim Webb ya yi ruwa ya yi tsaki a kai. Ya fara aiki a watan Agustan 2009, yana ba da tallafin wata 36 na karatu, da kuɗin haya da na littattafai. To amma daga Agustan 2011, bayan wani gyara da aka yi wa dokar, abin da gwamnati ke biya a jami'ar jiha shi ne kuɗin ɗan jiha kawai. Tsohon sojan da jami'a ta lissafa a baƙo sai ya cike giɓin daga aljihunsa, ko ya ci bashi. Akwai wani shiri mai suna Yellow Ribbon, inda makaranta ke yafe wani kaso gwamnati ta ƙara daidai da shi, amma shiga shirin ganin dama ne, kuma kowace makaranta ita ke yanke yawan kuɗin da adadin ɗaliban.

Gyaran ya zo a 2014, cikin wata doka da asalinta ma ba ta karatu ba ce. An yi ta ne bayan tonon asirin da aka yi kan yadda tsofaffin sojoji ke daɗewa suna jiran ganin likita a asibitin gwamnati na Phoenix, sai aka saƙala maganar kuɗin makaranta a sashe na 702. Obama ya sa hannu a watan Agusta na shekarar. Dabarar da aka yi ta burge ni: majalisa ba ta umarci jihohi su rage kuɗi ba, don ba huruminta ba ne. Cewa ta yi duk makarantar gwamnatin da ta caji tsohon soja mazaunin jihar fiye da kuɗin ɗan gida, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji za ta daina amincewa da kwasa-kwasanta wajen biyan kuɗin GI Bill. Babu jami'ar da za ta so ta rasa wannan kuɗi, sai jihohi suka bi layi.

Da farko akwai sharaɗin shiga makaranta cikin shekara uku da barin aiki. An cire shi daga Agustan 2021.

"Ai bai biya mana haraji ba"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Dokar tarayya ta ba soja damar riƙe jiha ɗaya a matsayin mazauninsa na hukuma duk inda aka tura shi, kuma da yawansu da zarar sun yi aiki a Teksas ko Fulorida sai su maƙale a can a takarda, saboda jihohin ba sa karɓar harajin albashi. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne.

Amma a duba ƙa'idar da kyau. Rangwamen ɗan jiha bai taɓa zama ladan yawan harajin da mutum ya biya ba. Iyalin da suka tare a jiha wata goma sha uku da suka wuce, ɗansu ɗan gida ne a idon jami'a, ko da harajin da suka biya bai kai kuɗin zango ɗaya ba. Talakan da albashinsa bai kai a yanki komai a ciki ba, shi ma ɗansa ɗan gida ne, kuma haka ya dace. Abin da wata goma sha biyun ke tacewa shi ne mai zuwa ya ci rangwame ya gudu. Ita kuwa dokar tsofaffin sojoji ba ta cire zama ba: dole mutum ya kasance yana zaune a jihar lokacin karatun, kuma an bar wa jiha damar ta nemi shaidar niyyar zama, kamar lasisin tuƙi ko rajistar zaɓe. Jiran shekara guda kaɗai aka ɗage.

Sannan jihohin da ke kukan sojoji ba sa biyan haraji su ne dai suke tayar da jijiyoyin wuya duk lokacin da aka ce za a rufe wani sansanin soja a cikinsu. Gwamnoni da sanatoci su bazama Washington suna lissafo ayyukan yi da biliyoyin daloli da sansanin ke kawowa. Sojan nan yana biyan haya, yana biyan harajin sayayya a kowane kanti, yana gyaran mota a garejin unguwa. Lokacin da yake cikin kaki kowa na son kuɗinsa. Ranar da ya ajiye kaki ya nemi kujera a aji ne za a tuna ba ɗan gari ba ne?

"To ya koma jiharsu mana"

Mai faɗin haka bai taɓa kwashe iyali ba. Matarsa ta samu aiki a nan bayan an sha wuya. Babbar 'yarsa saura shekara ɗaya ta gama sakandare. Likitan da ya san ciwon bayansa ko matsalar barcinsa yana asibitin tsofaffin sojoji na nan kusa. Iyayensa wataƙila sun rasu ko sun bar tsohon garin. Kuma kwas ɗin da ya dace da abin da ya koya a soja, ko gyaran jiragen sama ne ko aikin jinya, ba kowace jami'a ke yin sa ba. Ko dai ya tarwatsa duk wannan, ko ya zauna shekara guda ba karatu yana jiran kalanda ta cika. A daidai lokacin da mutum ya fito daga rayuwar oda da fareti yana neman inda zai dafa, shekarar zaman banza ba ƙaramin haɗari ba ce.

Mata da 'ya'ya fa, su ma sun je fagen daga ne?

A nan mutane da yawa da suka yarda da ni a kan sojan suke janyewa, kuma a nan nake ganin hujjar ta fi ƙarfi ma.

Shi sojan da kansa ya sa hannu ya shiga. Ɗansa bai sa hannu a komai ba. An haife shi a asibitin sansani, ya yi firamare a jiha uku, wataƙila ya yi wani ɓangaren sakandare a Japan ko Italiya. Hukumomin sojan Amurka da kansu suna cewa ɗan soja kan sauya makaranta sau shida zuwa tara kafin ya gama sakandare. Ranar da zai cike takardar shiga jami'a aka tambaye shi jiharsa, amsar gaskiya ita ce ba shi da ita. Idan akwai wanda ƙa'idar wata goma sha biyu ta zalunta ba tare da laifinsa ba, wannan yaron ne.

Matar kuwa, duk canjin wuri yana nufin ajiye aiki da sake neman lasisin sana'a a sabuwar jiha, musamman malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Binciken da ma'aikatar tsaron ƙasar ta yi a 2021 ya nuna rashin aikin yi tsakanin matan sojoji da mazajen sojoji mata ya kai kashi 21 cikin ɗari. Da yawansu sun bar karatu a tsakiya saboda oda ta zo a tashi.

Sannan akwai abin da masu suka ba sa ambata. Wata 36 ɗin nan ba a ninka shi don soja yana da iyali. Raba shi ake yi. Idan uba ya ba 'yarsa wata 18 ya ba ɗansa 18, shi ya tashi a tutar babu. Kuma kafin a ba shi damar miƙawa sai ya yi shekara shida a bakin aiki, ya kuma rattaba hannu zai ƙara huɗu. Wato da shekarun rayuwarsa ya sayi karatun yaran. Idan jami'a ta caji yarinyar kuɗin baƙo, abin da ya saya ya ragu da fiye da rabi.

Mafi ban takaici shi ne yadda marayu suka daɗe a baya. Kanar John McHugh yana cikin waɗanda harin ƙunar baƙin wake ya kashe a Kabul a watan Mayun 2010, lokacin iyalinsa suna zaune a sansanin Fort Leavenworth da ke Kansas. Sai a ƙarshen 2021 aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta shigar da iyalan da ke cin wani tsohon tsarin tallafi na marayu, zawarawa da iyalan sojojin da suka nakasa gaba ɗaya cikin masu biyan kuɗin ɗan jiha. Ta fara aiki a Agustan 2022. Shekara bakwai kenan da sojan da ya dawo da ƙafafunsa yana cin rangwamen, alhali wasu daga cikin 'ya'yan waɗanda ba su dawo ba ana iya lissafa su a baƙi.

A bar wa jihohi su yanke

Amurkawa suna da kishin 'yancin jihohi, kuma a harkar ilimi suna da hujja. Sai dai tarihin GI Bill kansa ya nuna abin da kan faru idan aka bar hakkin tsohon soja a hannun hukumomin gari. Dokar farko da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a watan Yunin 1944 ta kai mutum wajen miliyan 2.2 kwalejoji da jami'o'i. Amma ɗan majalisa John Rankin na Mississippi ya tsaya kai da fata sai an bar aiwatar da ita a hannun jami'an jihohi da bankunan gari. A kudancin ƙasar, baƙaƙen fatar da suka yi yaƙin duniya suka dawo suka tarar da ƙofofin manyan jami'o'in jiha a rufe, kwalejojin baƙaƙe kuma sun cika maƙil. A Mississippi, cikin lamunin gida, gona da sana'a sama da 3,200 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a 1947, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe. Soja ba jiha ya yi wa aiki ba. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ya kamata ya tabbatar hakkinsa bai canza ba don ya tsallaka iyaka.

Inda ɗan uwan nawa yake da gaskiya shi ne wajen wa ke ɗaukar nauyin. Majalisar tarayya ta samu yabo ba tare da ta fitar da sisi ba: ita dama kuɗin ɗan jiha take biya, kuma shi ta ci gaba da biya. Jami'a ce ta yi asarar bambancin, a lokacin da jihohi da yawa suka rage abin da suke ba jami'o'insu bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, har ta kai kuɗin baƙi ne ke toshe ɓarakar. Jihohin da ke da manyan sansanoni, irin su Virginia, Teksas da North Carolina, su suka fi ɗaukar kaya. Ya kamata gwamnatin tarayya ta mayar wa makarantun wani kaso. Wannan rigima ce tsakanin Washington da jihohi, a yi ta a can. Ba a kan teburin rajistar ɗalibi ba.

Kuma kada a cakuɗa wannan da karatu kyauta, don maganar daban ce. Teksas tana da dokar Hazlewood da ke yafe wa tsofaffin sojojinta kuɗin makaranta har kiredit 150 na kwasa-kwasai, kuma tun 2009 aka ba su damar miƙa ragowar ga 'ya'yansu. Jami'o'in jihar sun daɗe suna kukan nauyin. A Virginia, shirin yafe kuɗin makaranta ga iyalan sojojin da suka mutu ko suka nakasa ya tashi daga kimanin dala miliyan 12 a 2019 zuwa wajen miliyan 65 a 2023. A 2024 'yan majalisar jihar suka tsaurara sharuɗɗa, iyalan sojoji suka yi musu ca, cikin 'yan makonni suka janye suka ware ƙarin kuɗi daga baitulmali. Ni ina goyon bayan a yafe wa ɗan wanda ya mutu a bakin aiki. Amma a biya daga kasafin jiha, kowa ya gani. Idan aka ce jami'a ta yafe ba a ba ta komai ba, ɗan direban babbar mota da ke zaune kusa da shi a aji ne zai biya ta hanyar ƙarin kuɗi.

Waɗanda aka bari a waje

Dokar tarayya ta rataya rangwamen a kan cin tallafin karatu na gwamnati, ba a kan aikin sojan da mutum ya yi ba. Nan gizo ke saƙar.

Miƙa wa iyali tallafin sai mutum yana cikin kaki. Wanda ya yi ritaya kafin Agustan 2009 bai samu damar ba kwata-kwata. Wanda ya bar aiki bai cike takardar ba, ko aka haifa masa yaro bayan ya fita, shi ke nan, wannan yaron dokar tarayya ba ta san da shi ba. Uban da ya miƙa wa 'ya'yansa duk watanninsa, daga baya ya so ya koma aji da kuɗinsa, sai abin da dokar jiharsa ta ce.

Sai waɗanda takardar sallamarsu ba ta ɗauke da cikakken yabo. GI Bill na buƙatar sallama ta girmamawa, wanda aka ba matakin da ke ƙasa da ita ya rasa tallafin, ya kuma rasa kariyar rangwamen tare da shi. Wani zai ce ai laifi suka yi. Wasu haka ne. Amma rahoton ofishin binciken gwamnati na majalisa a 2017 ya gano cewa cikin sojojin da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin ɗari likitoci sun tabbatar suna da taɓuwar hankali ta bayan yaƙi, raunin ƙwaƙwalwa ko makamantansu cikin shekara biyu kafin sallamar. Mutum ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan ba ya barci, ya fara makara, ya faɗa shaye-shaye, a kore shi. Shi ne ba shi da tallafin karatu, shi ne kuma za a caja kuɗin baƙo.

Gyaran ba mai wuya ba ne, kuma ba sai an jira Washington ba. Tun 2008 jihar Ohio ta ɗage wa tsofaffin sojoji da matansu da 'ya'yansu jiran wata goma sha biyu idan suka tare a jihar, wasu jihohin ma sun bi sahu da nasu tsarin. Abin da jami'in rajista ke buƙatar gani abu biyu ne: takardar sallama da ke nuna mutum ya yi aikin soja, da shaidar cewa a jihar yake zaune yanzu. Ga mace ko yaro, a ƙara da takardar aure ko ta haihuwa. Ko yana da sauran watannin GI Bill ko ba shi da su, wannan tsakaninsa da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ne, bai shafi a wane layi jami'a za ta rubuta sunansa ba. Wanda kotun soja ta kora bisa babban laifi a iya keɓe shi. Sauran kuwa, a rubuta su a layin 'yan gida tun zangon farko.